Ƙafar yaro ta lanƙwashe, an ce gado ne: ciwon da ba ya shiga lissafin kowa a Libreville

Sai da ɗan ƙanwata ya shekara biyu da wata huɗu kafin a yarda a gidan cewa akwai abin da ke damun ƙafafunsa. Kafin nan kowa da nasa bayanin. Kakarsa ta ce goyo ne ya yi masa yawa. Wata maƙwabciya ta ce an tsayar da shi ne da wuri, tun ƙashi bai yi ƙwari ba. Dangin uban kuwa suka ce gado ne, wai akwai wani kawunsu a Maraɗi da ya tsufa da irin wannan tafiya, kuma ba ta hana shi noma ba. A kan abu ɗaya kawai baki ya zo ɗaya: a ƙyale shi, zai miƙe da kansa.

Bai miƙe ba. In ya tsaya, tsakanin gwiwoyinsa sai ka zura hannu ba ka taɓa ko ɗaya ba. In ya yi taku goma sai ya zauna ya miƙo hannu a ɗauke shi. Wuyan hannunsa ya yi kauri kamar an ɗaura masa awarwaro a ƙarƙashin fata. Wata ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci na biya ta wajensu a Plaine Orety, uwar ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, ni fa yaron nan hankalina bai kwanta ba. Sa'o'insa duk suna gudu."

Gidan nasu irin wanda da yawanmu muka sani ne: ɗaki biyu a cikin gidan haya, a ƙarshen lungu, rufin kwano ya kusa haɗuwa da na maƙwabci. Abin da ake kira tsakar gida bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, kuma shanya ta rufe shi. Uban yana fita kasuwar Mont-Bouët tun da asuba, sai bayan magariba. Uwa da yaro suna ciki.

Sun fara zuwa wani ƙaramin kilinik. Wanda ya duba shi bai ko tashi daga kujera ba. Ya rubuta musu kwalbar bitamin D guda, irin wadda ake fasawa a sha gaba ɗaya, ya ce su dawo bayan wata uku. Bai tambayi abin da yaron ke ci ba, bai tura su ɗaukar hoton ƙashi ba. Wata uku ya cika, ƙafa tana nan yadda take. Da babbar Sallah uban ya kwashe su zuwa Kano, can aka ɗauki hoton wuyan hannu da gwiwa, aka ɗebi jini, likitar ta sa uwar ta lissafa mata abin da yaron ke ci daga safe zuwa dare. Koko, burodi da shayi, shinkafa, tuwo. Madara fa? Cokali ɗaya a cikin shayi, don ya yi fari. Aka ɗora shi a kan kalsiyam kullum tare da bitamin D na tsawon watanni.

Abin da ya dame ni bayan haka ba maganin ba ne. A wane littafi aka rubuta yaron nan? A Libreville, in ma an rubuta shi, yaro ne da aka ba bitamin. A Kano kuma baƙo ne da ya ba da adireshin gidan kawunsa a Fagge. Ba wanda zai buɗe takarda a ma'aikatar lafiya ya ga cewa a wata unguwa ta Libreville akwai yaron da ƙashinsa ya yi laushi, balle ya tambaya ko shi kaɗai ne.

Ciwon da kansa

Likitocin nan suna kiransa rachitisme da Faransanci. Mu dai a ce ciwon laushin ƙashi. Ƙashin yaro yana tsawo ne daga bakinsa, wurin da guringuntsi ke tsirowa sannan ya daskare ya zama ƙashi. Abin da ke daskarar da shi sinadarai biyu ne, kalsiyam da fosfet. Bitamin D kuma shi ne ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci. In ɗaya ya gaza, ko duka biyun, guringuntsin zai ci gaba da taruwa bai daskare ba. Shi ne kaurin da ake gani a wuyan hannu da idon sawu, da ƙulle-ƙullen da ke jeruwa a haƙarƙari kamar 'ya'yan carbi. Da yaro ya fara tsayawa, nauyin jiki sai ya tanƙwara ƙafar, ko ta buɗe kamar baka, ko gwiwoyi su haɗe ya zama gwame. Maɗiga kan daɗe ba ta rufe ba, haƙori kan yi jinkiri, tafiya ma haka.

Da a ƙafa kaɗai ya tsaya, da da sauƙi. Jariri da kalsiyam ɗin jininsa ya faɗi ƙasa sosai yana iya kama jijjiga ba tare da zazzaɓi ba, mu kuma a gida nan da nan sai a ce iska ce, a nemo hayaƙi. Wani zuciyarsa ce ke kumbura ta kasa aiki. 'Ya mace kuwa, in ƙashin ƙugunta ya matse tun tana ƙarama, ranar haihuwa ake ganin sakamakon, bayan shekara ashirin, lokacin da ba mai tuna yadda take tafiya tana 'yar shekara uku.

A yi wa kakanni adalci: ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. Yawancin yara suna da ɗan bakan ƙafa har zuwa wajen shekara biyu, daga nan ya juye ya zama ɗan gwame a shekara uku zuwa huɗu, ya daidaita kafin shekara bakwai. Wannan ba ciwo ba ne. Wanda ake tsoro shi ne lanƙwasar da ke ƙaruwa bayan shekara biyu, ko ta fi yawa a ƙafa ɗaya, ko ta zo da kaurin wuyan hannu, ciwon ƙafa da rashin tsawo.

Rana a kan ka, amma ba a jikinka

Mutum zai ce, to, mu da muke zaune kusan a kan layin da ya raba duniya biyu, ina mu ina ƙarancin bitamin da rana ke bayarwa? Gaskiya ne fata ce ke haɗa mafi yawan bitamin D in hasken rana ya sauka a kanta kai tsaye, daga nan hanta da ƙoda su sarrafa shi ya zama mai aiki. Kuma gaskiya ne wanda ke yini a waje a Libreville da wuya ya rasa shi. Sai dai hasken da ke wannan aiki ba ya ratsa gilashin taga, ba ya ratsa kwano, tufafi ma suna tare mafi yawansa. Baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara kafin ta haɗa adadi ɗaya. Ga kuma yanayin garin: ruwan sama na wata da watanni da ke tsare mutane a ɗaki, sannan rani daga Yuni zuwa Satumba wanda duk mazaunin nan ya san sararin sama kan yini a lulluɓe, toka-toka.

Wani nazari da aka buga a 2020 a mujallar Lancet Global Health ya tattara bincike 129 daga ƙasashen Afirka 23, ya samu cewa kusan mutum ɗaya cikin uku bitamin D ɗin jininsa bai kai mizanin da ake so ba. Abin ya fi yawa a birane fiye da ƙauyuka, a mata fiye da maza, da kuma jarirai sabbin haihuwa.

Nan ne maganar ke taɓa mu, kuma gara mu faɗa da bakinmu kafin wani ya faɗa mana da mugun nufi. Matanmu da yawa suna zaune a gida, in sun fita kuma a rufe suke. A Kano ko Zinder wannan bai cika zama matsala ba a gidan gargajiya, domin tsakar gida fili ne, mace tana daka, tana wanki, tana tuwo a ƙarƙashin rana ba tare da ta taka ƙofar gida ba. A gidan haya na Libreville tsakar gidan ce babu. Ba suturar ce laifi ba, ginin ne ya canza mu kuma ba mu lura ba. Uwar da ta yi goyon ciki ba ta da isasshen bitamin D, jaririnta da ƙarancin yake zuwa duniya, nonon uwa kuma, duk da babu abincin da ya kai shi, bitamin D ɗin cikinsa kaɗan ne.

Ba yau aka gano haka ba. A farkon shekarun 1920 wasu likitoci biyu, Hutchison da Shah, sun duba yara a garin Nasik na Indiya, suka tarar ciwon ya fi kama 'ya'yan masu hali, Hindu da Musulmi, waɗanda ke kulle a manyan gidaje masu duhu, alhali 'ya'yan talakawa da ke yini a gona tare da iyayensu, duk da ƙarancin abincinsu, galibi sun tsira.

Darasin Jos

Amma in an tsaya a kan rana kawai, an yi kuskuren da mai kilinik ɗin can ya yi. A asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun yi shekaru suna ganin yara masu lanƙwasasshiyar ƙafa waɗanda ke yini a rana tsirara. A 1999 suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa yara 123 a mujallar New England Journal of Medicine. Sun kasa su uku: wasu aka ba su bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun, na tsawon mako 24. A cikin waɗanda suka sha kalsiyam kaɗai, kashi 61 cikin ɗari suka kai matakin warkewar da aka sa a gaba. Masu haɗin biyu, kashi 58. Masu bitamin D kaɗai, kashi 19.

Dalili a tukunya yake. Yaran suna samun kalsiyam kusan miligiram 200 ne a rana daga abincinsu, alhali matsayar da ƙwararru na duniya suka cimma a 2016 ta ce yaron da ya wuce shekara ɗaya yana buƙatar sama da 500, kuma ƙasa da 300 haɗari ne. Abincin masara da dawa ba shi da kalsiyam sosai, ga shi hatsi yana ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ɗan wanda ke ciki ya hana hanji tsotsarsa. Daga baya su Thacher sun nuna cewa ƙara bitamin D a kan kalsiyam yana hanzarta warkewa, sun kuma gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, suka ga shi ma yana warkarwa.

Yanzu a dubi abincin yaron da aka yaye a Plaine Orety ko Akébé. A gida, ko talaka ne, Bafulatana na zagayowa da ƙwaryar nono, a dama fura a ba yaro. A nan babu ita. Ƙasar ba ta kiwon shanun tatsa ba ce, madara daga waje take zuwa a gwangwani ko a leda, da tsadarta. Muka ɗauki burodi da shinkafa da rogo da ayaba muka ɗora a kan tuwo da koko, duk masu cika ciki ne, ba mai gina ƙashi a cikinsu. Kofi ɗaya na madara sosai yana ba da kusan miligiram 300. Cokalin da ake zubawa a shayi don ya yi fari ba ya ba da komai.

Abin haushin shi ne maganin yana kasuwa. Sardin na gwangwani in an ci da ƙayarsa, ƙananan kifi busassu da ake dakawa a zuba a miya, garin kuka da ba ya yankewa a wajen 'yan uwanmu masu kawo kaya daga arewa, zogale, riɗi, yogot ga mai hali. Kanwa kuwa, tunda na ji wata tsohuwa na cewa tana ƙarfafa ƙashi, ba kalsiyam ba ce ko kaɗan, dangin gishiri ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa a lokacin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu haihuwa.

Katin ruwan lemo

Yadda aka fara fahimtar ciwon nan ma ta hanyar tambaya ne. Wani likita ɗan Birtaniya mai suna Theobald Palm, wanda ya yi aiki a Japan, ya lura ba ya ganin ciwon a can alhali ya cika biranen ƙasarsu masu hayaƙi. Sai ya rubuta wa likitocin mishan a China, Indiya, Maroko da wasu wurare wasiƙa yana tambayar kowa: kana ganinsa a inda kake? Daga amsoshin ya fitar da bayaninsa a 1890 cewa rashin rana ne. Sai a 1922 aka raɗa wa bitamin D suna.

Wannan dabarar ce Birtaniya ta mayar tsari a 1986, da ta kafa sashen sa ido kan cututtukan yara da ba a cika gani ba, wanda ake kira BPSU. Kowane wata ana aika wa manyan likitocin yara na Birtaniya da Ireland, su fiye da 3,000, wani kati ruwan lemo, yanzu ta intanet, ɗauke da sunayen cututtuka goma sha wani abu. Aikin likita kawai ya nuna wadda ya gani a watan. In bai ga ko ɗaya ba, akwai gurbin da zai nuna cewa bai ga komai ba, kuma shi ma dole ya mayar. A ganina wannan gurbin shi ne ƙashin bayan tsarin, domin shi ke raba "babu" da "ba a duba ba". Mafi yawan katunan suna dawowa. Wanda ya ce ya gani, sai masu bincike su aika masa tambayoyi, ba tare da an bayyana sunan yaron ba.

Daga Maris 2015 zuwa Maris 2017 an sa ciwon laushin ƙashi a kan katin. Aka samu yara 125. Kashi 43 cikin ɗari baƙar fata ne, kashi 38 'yan asalin kudancin Asiya, a ƙasar da waɗannan duka tsiraru ne. Fiye da kashi uku cikin huɗu ba sa shan bitamin D ɗin da ya kamata a ba su. Biyu sun rasu. Kanada, da ta kafa nata tsarin a 1996, ta ƙirga yara 104 tsakanin 2002 da 2004, kusan dukkansu masu shan nono ne da ba a haɗa musu da ɗigon bitamin D yadda aka tsara ba. A Ostireliya an samu 398 cikin shekara ɗaya da rabi daga farkon 2006, kashi uku cikin huɗu 'yan gudun hijira, mafi yawansu haifaffun Afirka.

Duk inda aka ƙirga, 'ya'yan baƙi da tsiraru ne ke fitowa a sama. Kowane likita shi kaɗai yaro ɗaya ko biyu zai gani a shekara, ya ɗauka tsautsayi ne. Sai an haɗa katunan hoton ke fitowa. Ta irin wannan bibiya ce aka ci gaba da lura da ciwon Reye, mai lalata hanta da ƙwaƙwalwa, har Birtaniya a 2002 ta faɗaɗa gargaɗin hana ba yara asfirin zuwa duk wanda bai kai shekara 16 ba.

Namu an gina shi ne don annoba

Ba wai Afirka ba ta da tsarin kai rahoto ba. Tun 1998 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na yankin Afirka ya fito da tsarin sa ido na bai ɗaya, wanda a ƙasashen Faransanci ake kira SIMR. Ƙarfinsa yana kan cututtuka masu yaɗuwa: kwalara, ƙyanda, sanƙarau, shawara, Ebola wadda Gabon ta sha fama da ita a tsakiyar shekarun 1990 da kuma 2001 zuwa 2002. Kuma in an so ya yi aiki yana yi. Ƙa'idar shan inna ita ce duk yaron da bai kai shekara 15 ba, ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a kai rahoto, a ɗebi bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 a kai ɗakin gwaji. A arewacin Najeriya har masu unguwanni, ungozomomi da masu maganin gargajiya aka sa cikin masu ba da labari. Da haka aka kai ranar 25 ga Agusta 2020, da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

To ka ga abin mamaki: ƙafar da ta saki cikin dare ɗaya tana da fom, tana da lambar waya, tana da mota. Ƙafar da ta ɗauki shekara tana lanƙwashewa ba ta da ko ɗaya, saboda ba ta yaɗuwa.

Abin da rashin irin wannan ido ke jawowa mun gan shi a Zamfara. A farkon 2010 yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana cewa zazzaɓi ne ko sanƙarau, har sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yawan ya wuce hankali kuma maganin zazzaɓi ba ya aiki. Ashe gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Aƙalla yara 400 suka rasu. Ciwon noma kuma, mai cinye fuskar yaro, wanda Sakkwato ke da asibiti na musamman dominsa tun 1999, sai a Disamba 2023 ya shiga jerin cututtukan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince an yi watsi da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. Shekara da shekaru hujjar da ake kawowa ita ce babu alƙaluma, alƙaluman kuma babu su ne don ba a sa kowa ya tara ba.

Akwai wani dalili kuma da ya sa lissafin ke da muhimmanci. A bayan yara goma masu lanƙwasasshiyar ƙafa saboda abinci, akan samu wanda nasa daban ne. Akwai laushin ƙashi na gado da ƙoda ke zubar da fosfet a fitsari, wanda ake ƙiyasta yana samun mutum ɗaya cikin kusan 20,000. Shi ko an shayar da yaro bitamin D na yau da kullum kwalba nawa ba zai miƙe ba, maganinsa daban ne. Akwai ciwon Blount, inda gefen ƙashin ƙauri na ciki ke daina tsawo. Akwai na ciwon ƙoda. Dangin uban ɗan ƙanwata da suka ce gado ne, a wani gidan da sun yi daidai, sai dai gadon ma ana yi masa magani. Wanda zai raba waɗannan shi ne hoton ƙashi da gwajin jini, ba ido ba.

Shi ya sa nake jin tsoron kwalaben nan da ake saya a farmasi ba takardar likita. Wasu suna ɗauke da awo 100,000 a shan farko, alhali abin da aka tsara wa jariri daga haihuwa zuwa shekara ɗaya awo 400 ne a rana. Bitamin D ba ya fita da fitsari kamar wasu bitamin, taruwa yake yi, in ya yi yawa ya ɗaga kalsiyam ɗin jini har ya taɓa ƙoda. A Janairun 2021 hukumomin magani da na abinci na Faransa sun fitar da gargaɗi bayan an kwantar da jarirai saboda an zarce musu awo. Uwa ta ga ƙafa ba ta miƙe ba, ta ƙaro kwalba, maƙwabciya ta ce ai nata biyu ya sha, haka abin ke farawa.

Gabon kuwa, in da za a so, ta fi Birtaniya sauƙin yin kati irin wancan. Mutanen ƙasar ba su da yawa, mafi yawansu a birane, manyan asibitocin da ke da ƙwararrun likitocin yara ana iya ƙirga su da yatsu: asibitin koyarwa na Libreville, na Owendo, asibitin uwa da yaro na Jeanne Ebori, sai na Port-Gentil, Franceville, Lambaréné da Oyem. Saƙo ɗaya a wata ta WhatsApp, cututtuka biyar ko shida, da gurbin "ban ga komai ba". Ba gini ake nema ba, mutum ɗaya ne da zai riƙa bibiyar wanda bai amsa ba.

Inda namu laifin yake

Sai dai ko an yi katin gobe, likita abin da ya zo gabansa zai rubuta, mu kuma ba ma zuwa. Wannan ita ce maganar da ba a son yi a majalisa. Hausawan Oyem da Bitam 'yan ƙasa ne kaka da kakanni, suna da takardunsu. Amma akwai dubban 'yan uwa da suka zo daga Najeriya da Nijar, wani katin zamansa ya ƙare bai sabunta ba, yana ganin duk inda aka ce kawo takarda tarko ne. Ɗan kasuwar da ke cin gashin kansa galibi ba ya cikin inshorar CNAMGS, komai daga aljihunsa ne. Ga matar da ba ta jin Faransanci, ba za ta je asibiti ba sai da mijin, mijin kuma rufe shago na yini guda asara ce. Ƙanwata daga gidansu zuwa Jeanne Ebori tafiyar taksi ce ta 'yan mintoci, amma sai da suka tsallaka ƙasashe suka je Kano. Da na tambayi mijin dalili, cewa ya yi can ne zai iya yi wa likita bayani da bakinsa, ya kuma fahimci abin da aka ce masa.

Ban ga laifinsa ba, amma wata tara aka yi ana jiran Sallah. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ƙashin yaro ma haka: in an kama ciwon da wuri, magani kaɗai kan miƙar da ƙafa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, in an bari ya girma da ita sai dai tiyata.

Mu da muke da ƙungiyoyi na kowane gari, masu tara kuɗin kai gawa gida da na biki, ba mu rasa mai jin Faransancin da zai raka mata asibiti ranar awo ba. Malaman Islamiyya suna ganin yaran nan a jere kullum, sun fi kowane likita sanin wanda ke tafiya yana rangaji. Ungozoma da wanzami suna shiga gidan da ma'aikacin lafiya bai taɓa takawa ba. A yaƙin shan inna irin waɗannan mutanen aka dogara da su, ba kuma wanda ya tambaye su digiri. Uwar da ta je awo kuma tana da haƙƙin ta tambaya ko za a ba jaririnta ɗigon bitamin D, ita ma mai ciki ta tambayi nata, in kuma an duba ƙafar yaro ta roƙa a rubuta abin da aka gani a cikin karnensa na lafiya, da sunan ciwon, ba sunan magani kaɗai ba.

Ɗan ƙanwata yanzu yana da shekara huɗu. Ƙafar dama ta miƙe sarai, ta hagu da ɗan saura, likitar Kano ta ce a sake ɗaukar hoto bayan shekara. Uwar takan fitar da shi bakin lungu da hantsi ya yi wasa, miyarsu kuma ba ta rabuwa da dakakken kifi. Kwanan baya na karɓi karnensa ina dubawa. Allurar rigakafi duk an buga hatimi, nauyinsa na kowane wata yana nan har zuwa shekara ɗaya. Takardun Kano an naɗe su an cusa a bangon baya, da Turancin Ingilishi, ba wanda ya kwafe su zuwa ciki. A lungun nasu kuma akwai wata yarinya 'yar shekara uku da gwiwoyinta ke gogar juna in tana tafiya. Ƙanwata ta yi wa uwar magana sau biyu, ta ce sai maigidan ya dawo daga tafiya.